Gaban Mota Zafi, Bayanta Sanyi, Gilashi Kuma Ya Rufe: Amsa ga Wani Magidanci a Winnipeg

"Assalamu alaikum. Wannan ne hunturuna na biyu a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada. Ina da Toyota Sienna ƙirar 2012 wadda nake kai yarana huɗu makaranta da ita, bana kuma mahaifiyata ta zo mana daga Katsina, ita ma a baya take zama. Matsalata biyu ce. Ni da ke gaba har gumi nake yi, amma waɗanda ke baya, musamman a kujerar ƙarshe, ƙafafunsu sandarewa suke yi. Sannan da zarar mun cika motar, kafin minti biyar gilasan gefe da na baya sun rufe ruf da tururi, wani lokaci har ya daskare ta ciki. Ina danna maɓallin da ke hana iskar waje shigowa don ɗumi ya zauna, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Wani abokina ya ce in sayi 'yar hitar da ake sa wa a soket ɗin sigari. Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya ba ta juriyar wannan sanyi da ba ta saba da irinsa ba. Idan na fahimce ka da kyau, kana tambayar abin da ya sa ɗumi ba ya isa baya, da kuma abin da ya sa gilashi yake rufewa da zarar mutane sun yi yawa. Kai ka ɗauke su matsala biyu, amma a yawancin motocin da ake kawo mini da irin wannan kuka, tushensu ɗaya ne: iska ba ta tafiya yadda aka tsara mata, wato ta shigo ta gaba, ta ɗumama, ta ratsa cikin motar, ta fice ta baya. Maɓallin nan da kake dannawa kuwa shi ne abu na farko da zan ce ka sake shi tun gobe da safe.

A Kano na koyi kanikanci, inda duk dabararmu ta ƙare a kan yadda za a raba inji da zafi. Da na zo ƙasar nan sai da na sake zama ɗan koyo a kan yadda ake tattalin wannan zafin da kai shi inda ake bukata, saboda haka na san daga inda tunaninka ya taso. A gida idan hunturu ya kankama, ƙofa da taga ake toshewa a ja labule, kuma hakan daidai ne a ɗaki. A cikin mota mai ɗauke da mutum shida ko bakwai a sanyin Manitoba, wannan dabarar ce take jawo rufewar gilashi.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Iska tana ɗauke da ruwa wanda ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya ɗauka ya danganta da ɗuminta. Iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, idan tana kan digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, tana iya riƙe ruwa kusan giram 17. Idan ta sauko sifili, ba ta riƙe fiye da giram 5. A digiri 20 ƙasa da sifili kuwa, abin da take iya riƙewa bai wuce giram 1 ba. Duk lokacin da iska mai ɗumi da danshi ta taɓa wani abu mai sanyi, sai ta sauke rarar ruwan a jikinsa. Abin da kake gani ke nan a jikin kwalbar lemo idan an fito da ita daga firij a watan Afrilu a Katsina: kwalbar ba ta yoyo, iskar ɗakin ce take zube ruwanta a kai. Gilashin motarka a watan Janairu shi ne kwalbar, kuma ya fi ta sanyi nesa ba kusa ba, shi ya sa raɓar take zarcewa ta zama ƙanƙara.

To wa yake kawo ruwan? Ku ne da kanku. Mutum guda a zaune, tsakanin numfashi da abin da ke fita ta fatarsa, yana sakin ruwa kimanin giram 40 a awa ɗaya. Ku shida ke nan kun tasam ma kwatan lita a awa, a cikin wurin da girmansa gaba ɗaya bai kai irin wancan akwati guda shida ba. Ka ƙara da dusar ƙanƙarar da yara huɗu suke shigowa da ita a takalmansu da ƙafar wandonsu, wadda take narkewa ta jiƙa kafet, hita kuma ta riƙa busar da ita tana mayar da ita tururi. Idan ka danna maɓallin da ke da hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a cikinta, ka ce wa fanka ta daina jawo iskar waje, ta riƙa juya wannan iskar ɗaya tilo tana maimaitawa. Ruwan ba shi da hanyar fita, don haka sai ya nemi wuri mafi sanyi ya sauka, wato gilasan baya, waɗanda babu iska mai zafi da ke hura su.

Iskar waje da kake gudu ita ce maganin. Tunda a digiri 20 ƙasa da sifili giram 1 kacal take ɗauke da shi, idan ta bi ta cikin hita ta yi ɗumi sai ta zama busasshiya ƙayau, ta fi iskar hunturun gida da ke tsattsaga leɓe da diddige bushewa. Irin wannan iska tana da ƙishirwa, duk inda ta bi sai ta zuƙe danshi, har da wanda ya riga ya kwanta a gilashi. Saboda haka a duk tsawon lokacin sanyi ka bar wancan maɓalli a kashe. Iyakar amfaninsa shi ne idan ka shiga bayan babbar mota mai hayaƙi, ka danna shi na minti ɗaya ko biyu, ka wuce, ka sake shi.

Na'urar sanyaya mota ma tana taimakawa, ko da yake mutane suna mamaki idan na ce a kunna ta da sanyi. Aikinta ba sanyaya iska kaɗai ba ne, tana tatse ruwan da ke cikinta kafin ta wuce ta hita, kuma a motoci da yawa da ka murɗa zuwa hoton gilashin gaba take kama aiki da kanta. Sai dai ka sani cewa idan sanyin waje ya kusanci sifili ko ya gota, kwamfuresonta yana tsayawa don kare kansa. A ranakun ruwan sama da laka na Oktoba da Nuwamba da Maris ne take da babban tasiri. A tsakiyar Janairu a Winnipeg, inda matsakaicin yanayi yake wajen digiri 16 ƙasa da sifili, iskar waje ce kaɗai take yin aikin.

Akwai wani ɓangare da kusan kowa yake mantawa da shi. Iskar da ta shigo dole ta sami mafita, in ba haka ba sabuwa ba za ta shigo ba. A can ƙarshen mota, a ɓoye bayan robar jikin but ta wajen bamba, akwai wasu 'yan ƙofofi masu marfin roba mai laushi, waɗanda suke buɗewa idan iska ta turo su. Ta nan gurɓatacciyar iska take ficewa. Idan an cika but da buhun shinkafa da barguna da keken jariri har an danne ragar da ke kaiwa gare su, ko kuma marfin ya daskare ya manne, to fanka tana ta kuka a gaba amma iskar baya tana tsaye cik. Ka duba ka ga ba a toshe wurin ba. Idan kuma gilashi ya fara rufewa kuna cikin tafiya, ka ɗan buɗe taga ɗaya ta baya gwargwadon faɗin yatsa na 'yan mintuna, za ka ga yana washewa. Ƙofar but kam kada a yi tafiya da ita a buɗe ko a sassauce, domin tana jawo hayaƙin salansa ciki.

Me ya hana ɗumi isa baya?

Hitar motar fetur ba ta da wata wuta ta kanta. Zafin inji ne take ara. Ruwan lagireto yana zagaya inji ya yi zafi, sai a bi da wani kaso nasa ta cikin wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa. Mota mai tsawo irin taka tana da na biyu a baya, a cikin bangon gefen dama kusa da tayar baya, da tasa fankar daban, kuma ruwan zafin yana zuwa masa ne ta wasu dogayen bututu biyu da suka bi ta ƙarƙashin motar. Wannan na bayan ba ya jawo iskar waje, ta cikin motar yake juyawa, saboda haka ɗumi yake bayarwa amma ba ya busar da gilashi. Busarwa aikin fankar gaba ce.

Kafin ka kashe ko sisi a gareji, ka fara da abubuwan da ba su da kuɗi, domin sau da yawa a nan matsalar take. Ka tabbata hitar baya a kunne take, don tana da nata maɓallan, kuma ana iya kashe ta daga gaba ba tare da an lura ba. Ka saita ta ta hura ta ƙasa wajen ƙafafu, saboda ramukan da ke rufin mota an yi su ne musamman don iska mai sanyi a lokacin zafi, iska mai ɗumi kuma dama sama take tashi, don haka daga ƙasa ya kamata ta fara. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin kujerun gaba, za ka ga bakin wasu bututu masu faɗi da ke tura ɗumi zuwa ƙafafun layi na biyu. Ban san adadin motocin da na ɗaga tabarmar roba mai kauri na tarar ta rufe waɗannan ramuka gaba ɗaya ba, ko in zaro safar hannun yaro da takardar alewa daga ciki. Haka nan ragar da hitar baya take shaƙar iska ta cikinta, jakar makaranta ɗaya ta isa ta toshe ta.

Sai kuma halin direba, wanda zan faɗa maka kai tsaye tunda kai ka ce kana gumi. Kana zaune dab da ramukan iska, sanye da rigar sanyi mai kauri, ɗumi ya fara isowa gare ka kafin kowa, sai ka rage fanka. Da ka rage ta, ka yanke wa na baya rabonsu, ka kuma rage busasshiyar iskar da ke wanke gilashi. Idan motarka mai saita kanta ce, ita ma haka take yi, domin abin da ke auna ɗumin gaba yana jikin dashbod ne, da ya ji gaba ya yi ɗumi sai ya sassauta. Abin da nake ba da shawara shi ne ka cire babbar rigar idan mota ta ɗumama, ka saita iskar gaba a kan ƙafa da gilashi tare, ka bar fanka a tsakiya ko sama da haka, ramukan gefe biyu na dashbod kuma ka karkata su zuwa gilasan ƙofofin gaba domin ka riƙa ganin madubi. Idan zafi ya yi maka yawa, ma'aunin zafin ɓangarenka za ka rage, ka ƙyale fanka.

Idan duk wannan bai wadatar ba, to an zo kan inji. Da safe kafin ka tayar da mota, ka duba robar ajiyar ruwan lagireto ka ga ko ruwan yana tsakanin layuka biyu. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, na ga hannun da ya saluɓe a kan haka. Idan ruwa ya yi ƙasa, hita ce take fara rasa rabonta tun kafin allurar zafi ta nuna wani abu, kuma ta baya ta fi saurin shan wahala saboda nisanta. Iska ma tana maƙalewa a cikin dogayen bututun nan bayan an canza ruwa ba a fitar da ita da kyau ba. Alamarta ita ce ƙarar ɓulɓul kamar ana tsiyaya ruwa daga buta idan ka taka totur, ko hita ta yi zafi a kan hanya ta huce a danja. Maganinta a gareji shi ne a ɗaga gaban motar, a kunna hitar gaba da ta baya har ƙarshe, a bar inji yana aiki ana ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa.

Akwai gwajin da muke yi da hannu wanda ke raba gardama. Bayan inji ya yi zafi sosai, sai a taɓa tiyo biyu da ke shiga da fita daga lagireton hita. Idan duka biyun suna da zafi amma iska mai sanyi ce ke fitowa, to ruwa yana zagayawa, laifin na wata 'yar ƙofa ce da ke gauraya iska mai zafi da mai sanyi, ko ɗan motar lantarkin da ke juya ta. Idan ɗaya zafi ɗaya sanyi, lagireton ya toshe da datti ko iska ta tsaya a ciki. Idan duka biyun ɗumi-ɗumi ne kawai, to injin ne da kansa bai kai zafin da ya kamata ba, kuma a nan tamostat ake tuhuma.

Zan ɗan tsaya a kan tamostat saboda tarihin da muke da shi da ita. A garejojin gida, da mota ta sauka daga jirgin ruwa, abu na farko da ake yi shi ne a cire ta a jefar, a ce ta ƙasar sanyi ce, wani lokaci ma a haɗa tiyon hita biyu da juna a kewaye ta gaba ɗaya. Ko a gida wannan ba daidai ba ne, amma a nan babbar ɓarna ce. Aikinta shi ne ta tsare ruwa a cikin inji, ta hana shi zuwa babban lagireto har sai ya kai wajen digiri 82 a irin injinka. Idan ta tsufa ta maƙale a buɗe, iskar hanya mai digiri 25 ƙasa da sifili tana kwashe zafin da sauri fiye da yadda inji yake samar da shi. Za ka gane haka idan allurar zafi tana hawa a cikin gari amma ta sauko idan ka hau babbar hanya, kuma sau da yawa fitilar inji tana kamawa, idan aka sa na'ura ta nuna lamba P0128. Gaba zai iya samun ɗan ɗumin da zai ishi direba mai rigar sanyi, amma kafin ruwan ya bi ƙarƙashin mota ya isa baya ya riga ya huce. Tamostat ba ta da tsada idan aka kwatanta da man da mota take sha a banza saboda ita.

Wani ɗan'uwanmu ya taɓa kawo mini motarsa irin taka a farkon Disamba, hitar baya ta mutu sarai. Da na ɗaga ta na haska tocila, sai na ga bututun nan biyu an yanke su, an lanƙwasa guntun tiyo an haɗa bakinsu, an ɗaure da sabon kilif yana ƙyalli a tsakiyar tsatsa. Gishirin da ake watsawa a titi ne ya ci bututun suka fara yoyo, wanda ya sayar masa da motar kuma ya zaɓi hanya mai arha, ya sayar da ita da rani lokacin da ba mai gwada hita. Tunda motarka ta haura shekara goma a kan titin gishiri, ka sa a duba maka wannan wuri musamman, ko an yanke, ko yana tsatsafo.

Ruwan da ake zubawa ma abin lura ne. Ruwan famfo da muka saba ƙarawa a gida ba ya aiki a nan, don idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa duk abin da yake ciki, kuma bututun ƙarƙashin mota su ne a fili. Haɗin rabi da rabi na maganin daskarewa da ruwa yana jurewa har wajen digiri 35 zuwa 37 ƙasa da sifili, wanda Toyota take sayarwa a Kanada kuwa kashi 55 ne, yana kaiwa 42. Kada kuma a ce tunda haka ne bari a zuba maganin zalla, domin shi kaɗai a wajen digiri 13 ƙasa da sifili yake daskarewa. Filtar iska da ke bayan akwatin dashbod na gefen fasinja ita ma ka zaro ta ka duba. Idan ta cika da ganye da ƙura, fanka za ta yi ƙara amma iska kaɗan ce za ta fito, canza ta kuma aikin minti biyar ne.

Akwai wani irin tururi da ya bambanta da na numfashi, wanda nake so ka iya gane shi. Idan gilashin gaba yana rufewa ko kai kaɗai ne a mota, ka shafa ka ji yana da maiƙo, kana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kafet ɗin gaba kuma yana jiƙe, to lagireton hita ne yake yoyo. Wannan ba na jinkiri ba ne, saboda maganin daskarewa guba ne, ga yara a ciki.

Gilashin da kansa

Siraran layukan da ke jikin gilashin baya wayoyin lantarki ne da aka shafa a fuskarsa ta ciki. Maɓallinsu yana da hoton akwati mai kibau uku, kuma yana kashe kansa bayan kimanin minti 15, don haka idan tafiya ta yi nisa sai ka sake dannawa. Idan ko layi ɗaya ba ya narkar da komai, a duba fiyus ko wayar da ke gefen gilashin. Idan wasu suna aiki wasu ba sa yi, to an karce su ne, da kaya ko da abin kankare ƙanƙara, kuma ana sayar da wani fenti mai ɗaukar lantarki da ake cike gurbin da shi. Idan za a goge wannan gilashi, a bi tsawon layukan da tsumma mai laushi, kada a gitta su.

Tsabtar gilashi ta ciki tana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ƙura da maiƙon hannun yara da abin da robar dashbod take fitarwa suna yin wani datti siriri wanda raɓa take samun wurin kamawa a jikinsa. A wanke shi da maganin goge gilashi, a bi da busasshen tsumma, a kuma hana yara zane da yatsa a kai, domin duk inda yatsa ya bi nan ne zai fara rufewa gobe. Tsofaffin direbobin Manitoba suna da wata dabara ta manna faifan roba mai haske a jikin tagar gefe ta ciki, wanda ke tsare siririyar iska tsakaninsa da gilashi, sai wurin ya ƙi yin ƙanƙara. Har yanzu ana ganinsa a jikin wasu manyan motoci, kuma yana da amfani ga tagogin da ba a zugewa.

Yaƙin safe tun dare ake cin sa. Idan kun dawo gida, ka buɗe ƙofofi na minti ɗaya kafin ka kulle, iska mai danshi ta fita, in ba haka ba ita ce za ka tarar ta zama farar ƙanƙara ta ciki da asuba. Ka sa tabarmar roba mai baki maimakon ta kafet, ka riƙa zubar da ruwan da ya taru, yara kuma su karkaɗe takalma kafin su hau. Ka jona igiyar hitar da ke ɗumama inji, wadda ke leƙowa ta gaban mota, da lantarkin gida, awa biyu zuwa huɗu kafin fita idan sanyi ya wuce digiri 15 ƙasa da sifili, za ka ga ɗumi ya zo da wuri. Da safe ka share dusar da ta taru a gindin gilashin gaba inda waifa take kwanciya, saboda ta nan fanka take shaƙar iska, idan ta zuƙi dusa ta watsa a kan lagireto mai zafi, gilashi zai rufe maka lokaci guda kana tsakiyar titi. Kada ka zuba ruwan zafi a gilashi, tsagewa zai yi. Barin mota a tsaye tana aiki rabin awa ma ba ya ɗumama ta kamar tafiya a hankali, don haka da gilasai sun washe kana gani ta ko'ina, ka kama hanya.

Batun hitar da abokinka ya ambata

Ba na ba ka shawarar sayenta. Soket ɗin sigari yana ba da wat 120 zuwa 180 ne kawai kafin fiyus ya ƙone, alhali hitar motar kanta tana ba da dubban wat. Abin da za ka samu bai wuce hucin baki ba, ga haɗarin narkewar waya. Abin da ke aiki da wannan ɗan ƙarfin shi ne shimfiɗar kujera mai ɗumi, saboda jiki take ɗumamawa kai tsaye. Za ta yi wa Hajiya amfani, amma a sa ta a mataki na ƙasa, kuma idan tana da ciwon suga ko raunin ji a fata a kula sosai, don tana iya ƙona mutum bai sani ba. Ni da zan zaɓa mata, layi na biyu zan sa ta, da bargo a gwiwa, manyan yara su koma ƙarshe. Masu manyan motocin haya da na kaya suna sa hita mai ƙona man dizal ta kamfanonin Webasto ko Eberspächer, wadda ke ba da kusan kilowat 2 da ƙasa da kwatan lita a awa, hayaƙinta kuma waje yake fita, amma motar gida irin taka ba ta bukatarta idan tata tana lafiya.

Abin da zan roƙe ka da babbar murya shi ne kada wani abu mai harshen wuta ya shiga motar nan, ko kaskon garwashi irin na gida, ko 'yar hitar gas ta masu zango. Gas kilo ɗaya idan ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi, wato zai ƙara rufe gilashin, kuma mafi muni shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum ya wuce daga nan. Salansar motar ma tana iya yin wannan aika-aika idan dusa ta toshe bakinta. A watan Janairun 2016 a garin Passaic na jihar New Jersey a Amurka, wata uwa da 'ya'yanta ƙanana biyu sun rasa rayukansu a haka, suna zaune a mota suna jin ɗumi yayin da uban yake haƙe dusa a waje. Duk ranar da aka yi dusa mai yawa, ka share bayan mota kafin ka tayar da ita, kafin kuma kowa ya shiga, kada ka bar ta tana aiki a cikin garejin gida ko da ƙofa a buɗe take.

Ga ƙananan da ke zama a kujerar yara, kada sanyi ya sa a ɗaure su da bel a kan rigar sanyi mai kumburi. A lokacin haɗari rigar tana lotsewa, bel ya yi sako-sako. A sa musu kaya marasa kauri hawa biyu ko uku, a ɗaure bel ya kama jiki, sannan a lulluɓa bargo ko rigar a sama.

Ban ga motarka ba, don haka ba zan yanke maka hukunci a kan ko tamostat ce ko bututu ko iska ba, hannu da ido ne suke raba wannan. Kuma ko komai yana lafiya, ranar da sanyi ya kai digiri 35 ƙasa da sifili kuna ku shida, gefen gilasan layin ƙarshe zai yi ɗan fari, domin gilashi ne falle ɗaya babu mai hura shi, abin da ake nema shi ne na gaba da na ƙofofin gaba da na baya su kasance a washe. Ka gwada kwana uku da maɓallin nan a kashe, fanka a sama, ramuka a buɗe, but ba a danne ba. Idan har ƙafafun Hajiya ba su ji bambanci ba, ka kai ta gareji ka ce a auna zafin da inji yake kaiwa a kan hanya, a taɓa tiyon hitar baya guda biyu, a kuma ɗaga motar a bi bututun da ido tun daga inji har tayar baya ta dama.